Gidan Albrecht Dürer a Nuremberg: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Ziyara

A can saman tsohon birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, dab da ganuwa, a gindin dutsen da fadar sarakunan da take kai, akwai wani dogon gidan bene. Ƙasansa ginin dutse ne, samansa kuma gumagumai na katako da aka cike tsakaninsu aka shafe da farin fenti. A nan mai zane Albrecht Dürer ya zauna daga 1509 har ya rasu. Yau gidan tarihi ne, ɗan ƙarami, kuma wanda ya shige shi bai san abin da zai tarar ba yana iya fitowa yana ƙorafin an cuce shi.

Wane ne Dürer ɗin, da har aka mai da gidansa wurin ziyara?

An haife shi a Nuremberg ranar 21 ga Mayu 1471, ya rasu ranar 6 ga Afrilu 1528, bai cika shekara 57 ba. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne da ya taso daga ƙasar Hangari, ya zauna a birnin, ya auri Barbara 'yar maigidansa. Sun haifi 'ya'ya 18, uku kaɗai suka girma. Uban ya so ɗan ya gaje shi a ƙira, ya kuma fara koya masa, amma yaron hankalinsa yana kan zane. A 1484, yana ɗan shekara 13, ya zauna gaban madubi ya zana kansa, kuma wannan takardar tana nan har gobe a birnin Vienna. A 1486 uban ya haƙura ya kai shi shagon Michael Wolgemut, babban mai zane na garin, ya yi shekara uku yana koyo.

Ya rayu a zamanin da ilimi da zane suka farfaɗo a Turai, zamanin su Leonardo da Vinci da Michelangelo da Raphael. Waɗancan 'yan Italiya ne. Shi kuwa ɗan arewacin tsaunukan Alps ne, inda masu zane ba su da wani matsayi da ya wuce na kafinta ko maɗinki. Ya haye tsaunukan ya je Venice, ya zauna daga 1505 zuwa 1507, ya ga yadda ake girmama mai zane a can, har ya rubuto wa abokinsa Willibald Pirckheimer cewa a Venice shi babban mutum ne, a gida kuwa ana masa kallon ɗan cin arziki. Da ya dawo, sai ya haɗa lissafin awo na Italiyawa da haƙurin bin ƙananan abubuwa irin na mutanen arewa. Ya yi wa Maximilian na I, babban sarkin ƙasashen Jamusawa, aiki, ya rubuta littattafai kan awo da kan ginin ganuwa da kan ƙirar jikin mutum. Jamusawa ba su da wani mai zane da suke alfahari da shi kamarsa.

Zan ga sanannen zanen zomon nan da na hannaye masu addu'a a gidan?

A'a, kuma gara ka ji tun yanzu. Zomon da ya zana a 1502 da hannayen da ya zana a 1508 suna gidan tarihi na Albertina a Vienna, ƙasar Ostiriya. Ko a can ɗin ma ba kullum ake fito da na asali ba, saboda haske yana cin takarda. Yawancin lokaci kwafi mai kyau ake ratayewa. Hotonsa da ya zana kansa a 1500, wanda yake kallon mutum ido cikin ido, dogon gashi ya sauka kan kafaɗu, yana Alte Pinakothek a Munich. Wani hoton nasa na 1498 yana Prado a Madrid, na 1493 kuma yana Louvre a Faris. Ayyukansa sun watsu ne saboda sarakuna sun yi ta farautarsu bayan mutuwarsa.

Labarin da ya fi ci wa mutanen Nuremberg rai shi ne na manyan alluna biyu masu ɗauke da manzannin Kirista huɗu. Dürer da kansa ya ba majalisar garinsu su a 1526 don a riƙa tunawa da shi. Shekara ɗari da ɗaya bayan haka, a 1627, mai mulkin Bavaria, yankin da Munich ke babban birninsa, wani Maximilian ɗin daban, ya matsa wa majalisar lamba har ta miƙa su aka tafi da su Munich. An sa zarto an yanke rubutun da ke ƙasan allunan an mayar wa Nuremberg, sai a 1922 aka sake haɗa su. Shi kuma hoton 1500 ya koma Munich a 1805. A 2012 Nuremberg ta shirya babban baje kolin ayyukan ƙuruciyar Dürer, ta roƙi aron hoton na 'yan watanni, Munich ta ce allon ya yi rauni, ba zai jure tafiya ba. Har 'yan siyasa sai da suka sa baki, amma hoton bai motsa ba.

Abin da gidan yake da shi shi ne wani zaure da aka jera tsofaffin kwafin waɗannan zanuka, waɗanda wasu masu zane suka yi tun da daɗewa. Akwai kuma wani ɗaki a sama da ake sauya abin da ke cikinsa lokaci-lokaci, inda akan fito da ainihin hotunan da aka buga a takarda daga taskar birnin.

To, idan manyan zanukan ba sa nan, me mutum zai je gani?

Gidan kansa, da sana'ar da aka yi a cikinsa. A ganina wannan ya isa dalili. A manyan gidajen tarihi kana ganin aiki bayan an gama shi, an sa masa firam na zinariya, an girke mai gadi a gefe. A nan kuwa kana ganin inda aka niƙa launi, inda yaran shago suka kwana, inda aka dafa abincin da suka ci.

An gina gidan wajen 1420. Kafin Dürer, mai shi wani attajiri ne masanin taurari, Bernhard Walther, wanda ya huda ƙananan tagogi a can sama don ya riƙa leƙen sararin samaniya. Wasu daga cikin awon da Walther ya yi sun shiga lissafin shahararren masanin taurari Copernicus daga baya. Walther ya rasu a 1504, Dürer ya sayi gidan daga magada a 1509 a kan gulden 275 (kuɗin zamanin) a hannu, ban da bashin da ke kansa. Ya tare da matarsa Agnes, da mahaifiyarsa, da yaran shago da masu aiki.

Ana shiga ta wani faffaɗan zaure a ƙasa. Daga nan sai matakalar katako. Wurin da ya fi tsayar da mutane shi ne kicin: murhu a buɗe, babbar hanyar hayaƙi a samansa, tukwane da kwanuka a jere. A gefe akwai wani ɗan lungu mai labari. A 1527, jiki ya fara ƙi, Dürer ya sa aka yi masa makewayi a nan cikin gida ba tare da izinin hukuma ba. Majalisar gari ta ci shi tara, ko da yake daga baya an yafe masa. Mutumin da sarakuna ke aiko wa da aiki, ga shi ana tuhumarsa kan bayan gida.

Wani abu da ya kamata a sani: babu kujera ko akwati ko gado guda na Dürer da ya rage. Ɗakunan zama masu bangon katako da tagogi na ƙananan gilasai zagayayyu, wani malamin zane mai suna Friedrich Wanderer ne ya ƙawata su a 1885, bisa yadda mutanen zamaninsa suka ƙiyasta gidan attajiri na ƙarni na 16. Suna da kyau, amma kada ka dafa teburi ka ce a kansa Dürer ya ci abinci.

Me ake nunawa a ɗakin aiki?

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ɓangare ɗaya na haɗa launi ne. A lokacin ba a sayen fenti a gwangwani. Dutse ake fasawa, ko ƙasa mai launi, ko tsatsar jan ƙarfe, a niƙa a kan faifan dutse har ya yi laushi, a kwaɓa da mai. Shuɗin da ya fi kowane tsada daga wani dutse ake samunsa da ake haƙowa a tsaunukan Afghanistan, ya biyo ta hannun fatake har Venice. Yaron shago yakan daɗe yana niƙa kafin a bar shi ya taɓa buroshi.

Ɗaya ɓangaren na bugu ne, kuma iri biyu ne da ya kamata a bambance.

Na farko bugun katako. Ana samun allo mai santsi, galibi na itacen fiya irin ta Turai (pear), a zana hoton a kansa. Sai mai sassaƙa ya bi da wuƙa ya ƙwaƙule duk inda babu layi, ya bar layukan a tsaye. A shafa musu tawada, a ɗora takarda, a danne da inji. Daidai yake da tambarin roba na ofis, sai dai layukan nan wasu ba su fi kaurin zare ba, kuma idan wuƙa ta zame ta cire ɗaya, ba ya dawowa. Akwai babban injin dannawa na katako a gidan, wanda aka ƙera bisa wani zane da Dürer ya yi da hannunsa.

Na biyu bugun jan ƙarfe, kuma shi akasin na farko ne. Mai aikin yana riƙe wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki, marikinsa a tafin hannu, yana tura shi a kan faranti yana tono siririn layi, ɗan zaren ƙarfe yana nannaɗowa a gaban bakin. Idan zai yi lanƙwasa, farantin yake juyawa da ɗayan hannun. Bayan an gama sai a cusa tawada mai kauri cikin layukan, a goge saman da tsumma, a ƙarasa da gefen hannu har ya yi ƙyalli, tawada ta rage a cikin ramuka kaɗai. A jiƙa takarda ta yi danshi, a shimfiɗa, a rufe da bargo, a murɗa ta tsakanin manyan sanduna biyu masu juyawa. Nauyin ne ke tura takardar cikin ramukan ta tsotso tawadar. Idan aka ɗaga, za ka ga gefen farantin ya bar shaida a jikin takardar, kuma in ka duba da kyau layukan sun ɗan taso.

Duk abin da ke dama a faranti hagu yake fitowa a takarda, don haka har rubutu da shekara a juye ake tona su. A nan horon da Dürer ya samu a maƙerar ubansa ya yi masa rana. Akwai lokutan da mai sana'a yake nuna wannan aiki a gaban baƙi. Ka tambayi lokacin tun kana sayen tikiti, ka tsara zagayenka a kansa.

Me ya sa ake ta maganar bugu, alhali mai zanen fenti ne?

Saboda da bugu ya yi kuɗi, da shi kuma sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Babban allo na coci yana cin watanni, mutum ɗaya ne zai biya, shi ma sai an yi ta ja-in-ja. Wasiƙun da ya rubuta wa wani ɗan kasuwar Frankfurt, Jakob Heller, wanda ya ba shi aikin irin wannan allo, cike suke da ƙorafin kuɗi da tsadar shuɗi. A 1509 ya faɗa masa ƙarara cewa daga yanzu tonon faranti zai riƙe, kuma da tun farko shi ya tsaya a kai da ya fi haka arziki. Allon na Heller ya ƙone a gobara a Munich a 1729. Hannayen addu'ar nan da duniya ta sani, gwaji ne kawai da ya yi kafin ya zana allon.

Faranti ɗaya kuwa yana fitar da ɗaruruwan takardu, allon katako ya fitar da fiye da haka. Ana ɗaure su a kai kasuwa, a ba wakilai su zaga da su gari-gari. A 1498 ya fitar da littafin hotuna 15 na bugun katako kan ƙarshen duniya kamar yadda ya zo a littafin Kirista, shi ya zana, shi ya ɗauki nauyin bugawa, a daidai lokacin da mutane ke fargabar shekara ta 1500. Ya san kasuwa.

Alamarsa, babban harafin A da ƙaramin D a ƙarƙashinsa, tana jikin kusan komai nasa. Da 'yan jabu suka fara kwaikwayonta, ya buga gargaɗi mai zafi a ƙarshen littattafansa na 1511. A 1512 majalisar Nuremberg ta tsawata wa wani baƙo da ke sayar da hotuna masu alamar ƙarya, ta ce ya cire ta ko a ƙwace kayan.

Wace ce matar nan mai tsohuwar shiga da ke zagayawa da baƙi?

'Yar wasan kwaikwayo ce da ke fitowa a matsayin Agnes, uwargidan Dürer, da farin ɗankwali da tarin makullai a ƙugu. Tana bi da ku ɗaki-ɗaki tana ba da labarin gidan kamar yanzu maigidan ya fita. Yawanci da Jamusanci ne, amma akwai na Turanci a ƙayyadaddun lokuta. Na'urar saurare da ake bayarwa ita ma da muryar Agnes take magana, cikin harsuna da yawa.

An ɗaura musu aure a 1494, auren haɗin iyaye, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ta daɗe da mugun suna a tarihi, kuma tushensa wasiƙa ce da Pirckheimer ya rubuta bayan mutuwar abokinsa, yana zarginta da rowa da mita da kuma cewa ita ta gajiyar da shi har kabari. Maganar mutum ɗaya ce, mutumin da ba sa ga-maciji da ita. Abin da aka tabbatar shi ne ita ke kai hotuna kasuwar Nuremberg da babbar kasuwar Frankfurt, ita da surukarta ke riƙe ciniki idan ya yi doguwar tafiya. Ta rayu har 1539.

Surukar tata, Barbara, a cikin gidan nan ta rasu a 1514. Wata biyu kafin haka ɗanta ya zana ta da gawayi tana da shekara 63: ƙasusuwan wuya a waje, goshi duk tamoji, ido ɗaya ya karkace. Bai rage komai ba. Zanen yana Berlin.

Gaskiya ne ya zana karkanda bai taɓa ganinta ba?

Gaskiya ne. A watan Mayun 1515 wani jirgin ruwa ya iso Lisbon da karkanda daga Indiya, kyautar Sarkin Gujarat Muzaffar Shah na II, wadda ta ƙare a hannun sarkin Fotugal Manuel na I. Turai ba ta ga irin dabbar ba tun zamanin Rumawa. Wani ya aiko da wasiƙa da ɗan zane zuwa Nuremberg, Dürer ya gani, ya cike sauran da tunaninsa. Ya sa mata sulke kamar na mayaƙi, ƙafafu masu ɓawo, ya kuma dasa mata wani ɗan murɗaɗɗen ƙaho a doron wuya wanda babu karkandar da ke da shi. Ita dabbar ba ta daɗe ba. Sarkin Fotugal ya aika da ita kyauta ga Fafaroma Leo na X, jirgin ya nitse a gaɓar Italiya a farkon 1516.

Hoton kuwa ya rayu. An yi ta sake buga shi, masu littattafan dabbobi suka yi ta kwafa da ƙahon ƙaryar da komai, sama da shekara 200. Sai da aka zaga da wata karkanda mai rai, Clara, a biranen Turai daga shekarun 1740, mutane suka ga bambanci da idonsu.

Akwai wani abu da ya shafi Afirka a aikinsa?

Akwai, kuma ba na shaci-faɗi ba. A 1520 ya tafi ƙasashen Holand da Beljiyam na yanzu don ya roƙi sabon sarki, Charles na V, ya tabbatar masa da fanshon gulden 100 a shekara da Maximilian ya yanka masa. A Antwerp ya saba da wakilin kasuwancin Fotugal, João Brandão, kuma a 1521 ya zana wata baƙar fata da ke aiki a gidan Brandão. Ya rubuta sunanta a sama, Katharina, da shekarunta, 20. Kanta a ɗaure, idonta a ƙasa, ba murmushi. Zamanin da Fotugal ke jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma ne, kuma zanen yana cikin hotuna mafi tsufa a Turai na Ba'afirkiya da aka san sunanta. Yana Uffizi a Florence. Akwai kuma zanen gawayi na wani baƙin mutum mai ɗan gemu, mai ɗauke da shekarar 1508, a Vienna.

Wanda ya tashi a gaban malaman zaure zai ga wani abu da ya sani a bugun jan ƙarfe na 1514 mai suna Melencolia I. A bango, sama da kan wata mai fukafukai da ta yi tagumi, akwai hatimi mai gida 16. Layin farko 16, 3, 2, 13. Na biyu 5, 10, 11, 8. Na uku 9, 6, 7, 12. Na ƙarshe 4, 15, 14, 1. Ko ta ina ka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, 34 za ka samu, kuma gidaje biyu na tsakiyar layin ƙasa sun ba da shekarar aikin. Ilimin irin wannan hatimi ta littattafan Larabci ya shiga Turai, kuma shi ne wanda malamin Katsina Muhammad al-Kashinawi, da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kansa.

Akwai hotunan tsiraici ko na addini da za su iya damun mutum?

Akwai. Mafi yawan aikinsa na addinin Kirista ne: Annabi Isa da Maryam da waliyyai, kamar yadda masu coci suke surantawa. Akwai kuma Adamu da Hauwa'u ba tufafi sai ganye, da zane-zanen awon jikin mace da namiji. Ba su cika gidan ba, sun fi yawa a zauren kwafi da cikin littattafan kanti. Wanda ba ya son gani yana iya wuce zauren ya nufi kicin da ɗakin aiki, babu mai tambayarsa dalili. Mai tafiya da yara gara ya leƙa shi kaɗai tukuna.

Ainihin gidan ne, ko sake gina shi aka yi bayan yaƙi?

Ainihinsa ne, da gyare-gyare. Birnin ya saye shi a 1826, aka mai da shi wurin tunawa a 1828, shekara 300 da rasuwarsa. A Yaƙin Duniya na Biyu, musamman harin jiragen sama na daren 2 ga Janairun 1945, kusan duk tsohon garin ya zama kufai. Gidan ya ji jiki sosai, rufi da tagogi sun tafi, amma bai faɗi ba. An gyara an sake buɗe shi a 1949. Yawancin gidajen da za ka gani a hanya masu kama da tsofaffi bayan yaƙi aka tayar da su.

Yaya ake zuwa?

Ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Schengen. Daga Frankfurt jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Nuremberg cikin awa biyu da 'yan mintuna, daga Munich awa ɗaya da ɗoriya. A allunan tasha Nürnberg za ka ga an rubuta. Birnin yana da filin jirgin sama, wanda tun 2014 yake ɗauke da sunan Dürer, kuma layin U2 na ƙarƙashin ƙasa yana haɗa shi da babbar tasha cikin ƙasa da kwata.

Adireshin shi ne Albrecht-Dürer-Straße 39, a bakin filin ƙofar Tiergärtnertor. Daga babbar tasha a ƙafa kamar minti 20 zuwa 25 ne: ka gangara ka haye kogin Pegnitz, ka ratsa babbar kasuwa, ka wuce cocin Sebald, sannan hawa ya fara. Titin duwatsu ne aka jera, don haka takalmi mai tsini wahala ne. Wanda ba ya son hawa ya shiga jirgin titi mai lamba 4 ya sauka a Tiergärtnertor, ya shigo ta ƙofar ganuwa.

Awa nawa zai ci, kuma yaushe ya fi dacewa?

Awa ɗaya ta isa. Da na'urar saurare da kallon bugu, awa ɗaya da rabi. Ana buɗewa da ƙarfe 10 na safe. Litinin ranar hutu ce a yawancin shekara, sai a tsakiyar lokacin zafi na Turai da lokacin kasuwar Kirsimeti akan buɗe. Ka duba shafin gidajen tarihin birnin kafin ka fito, don lokuta da kuɗin shiga suna sauyawa. Ɗalibai da yara suna da ragi, kuma akwai katin Nürnberg Card na kwana biyu da ya haɗa gidajen tarihi da motocin haya. Ɗakunan ƙanana ne, ayari ɗaya na 'yan makaranta ya isa ya cika su, saboda haka sammako ya fi. A watan Disamba gari yana cika maƙil, ga sanyi, ga duhu tun wajen ƙarfe huɗu da rabi.

Tsofaffi da masu ciwon gwiwa fa?

Gidan shekara 600 ne, ta matakala ake hawa, wasu kuma a miƙe suke. Mai keken guragu ya tuntuɓe su kafin ya zo. Babbar jaka a ƙasa ake barinta.

Ina za a ci abinci a kusa?

A yi hattara da abin da garin ya shahara da shi. Ƙananan tsiran nan da ake gasawa a sa uku cikin burodi, da ƙamshinsu ke tashi a kowace kwana, naman alade ne zalla. Haka ma babban gashin kafaɗa da gidajen abinci ke tallatawa. Birnin yana da Turkawa da Larabawa da yawa, don haka shagunan döner (gasasshen nama irin na Turkawa) da na halal ba sa wuyar samu, musamman wajen babbar tasha da unguwannin kudu da ita, inda kuma masallatai suke. Ka riƙe 'yan tsabar Yuro, ba kowane ƙaramin shago ke karɓar kati ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, gidajen tarihi da na abinci kuwa a buɗe.

Me kuma ke kusa da ya dace a haɗa a rana ɗaya?

A filin da ke ƙofar gidan akwai wani ƙaton zomo na tagulla, mai kumburarren ido, ya fasa akwati ya danne ƙafar mutum. Jürgen Goertz ne ya ƙera shi a 1984 yana tsokanar zomon Dürer. Wasu na ƙyamarsa, yara kuwa hawansa suke yi. Fadar tana sama kaɗan, kuma daga can ana ganin jajayen rufin garin gaba ɗaya. A ƙarƙashin dutsen akwai ramukan da aka ɓoye kayan tarihi lokacin yaƙi, ana shiga da ɗan jagora. Kabarin Dürer yana maƙabartar Johannisfriedhof, mai lamba 649, tafiyar kamar kwata ɗaya daga gidan ta yamma.

Wanda yake son ganin fentin da hannun Dürer ya shafa ba tare da ya bar garin ba, ya gangara Germanisches Nationalmuseum da ke kusa da babbar tasha. A can akwai hoton mahaifiyarsa tun tana da sauran ƙarfi, da na malaminsa Wolgemut da ya zana a 1516, da manyan hotunan sarakuna Charlemagne da Sigismund da majalisar gari ta ba shi aikinsu. Wurin babba ne ƙwarai, shi ma ba ya buɗewa ranar Litinin, don haka ka fara da gidan da safe, ka ware wa wannan duk yammacin.